Ranar da Hajiya Ta Ce Ta Fasa

Har yau ban manta da ranar da muka yi gwajin buɗe Gidan Mai Goro ba. Ku sababbin shiga kun tarar da komai tsaf, ba ku san saura ƙiris a garƙame gidan nan ba.

Wani attajirin fatake ne ya gina shi a bayan Titin Koudoukou tun zamanin Turawa. Lokacin da aka ɗauke ni shara, gara ta cinye katakon rufi, ruwan sama na bin bango. Madam Solanj ce shugabar aikin gyara shi don ya zama gidan tarihi, sai Baba Idi magini da kafintoci, mu masu shara muna can ƙasa. Madam ce ta koya mana cewa ba a wanke zanen bango da ruwa, kaɗe shi ake yi da buroshi mai laushi. Ni kam aikin ya yi mini, don daga unguwarmu ta Yakité a ƙafa nake zuwa, kuma an yarda in zo da goyona. Duk da haka ko tari yarinyar ta yi sai gabana ya faɗi, kada a ce mun dami mutane.

A can ciki akwai ɗaki ɗaya mai mutum, na Hajiya Kaka, jikar mai gidan. Ta tsufa amma bakinta bai tsufa ba, kuma da yardarta ake komai.

Ranar gwajin Madam ta gayyato malaman makaranta, yawancinsu maza. Ta nuna musu zaure da tsohuwar ƙofar da aka gyara, sai kawai ta ja su suka faɗo tsakar gida. Hajiya na kan tabarma tana shan hantsi, kai ba ɗankwali, ina taje mata gashi.

"Kai! Kai! Kasuwa ce nan?" Ta fizge mayafina ta rufe kai. "Ko mijina bai taɓa shigo mini da ƙato babu iso ba. Ku kwashe gudumominku, na fasa!"

Ina zan sake samun aikin da za a bar ni da jaririya a baya?

Madam ba ta san abin da ta yi ba, sai da Baba Idi ya yi mata bayani da Sango, yaren garin nan: namiji baƙo ba ya wuce zaure sai an shiga an sanar, matan gida sun kimtsa, an ce ya shigo. Shi ne iso. Ta sallami malaman, ta cire takalmi, ta durƙusa a bakin tabarma.

"Mama, laifina ne. Faɗa mini yadda ake yi."

Hajiya ko kallonta ba ta yi ba. Muka wuni kamar gidan makoki, ba mai buga ko ƙusa. Sai bayan la'asar Hajiya ta aika a kira mu.

"Ke Rabi, ke za ki riƙa yi musu iso."

"Ni, Hajiya? Ba na jin Faransanci, gaban mutane ma muryata rawa take."

"Faransanci za ki yi mini? Ki zo ki ce ga baƙi, in ce su shigo ko su jira. Wannan ma sai an je lakwal an yi boko?"

Baba Idi ya rusuna mini yana dariya. "Ranki ya daɗe, Sarkin Ƙofa. A taimaka a yi wa magini iso, bangon kicin na jirana."

Ranar farko da ƙyar sallamar ta fito daga bakina. Yanzu na saba, har kan benci nake zaunar da manyan mutane a zaure, in shige abina.

Abin da na koya ke nan, kuma ku riƙe shi. Masu wannan aiki suna da haƙuri, sai su kwashe mako suna lallaɓa katako ɗaya, kuma in sun yi kuskure ba sa jin nauyin durƙusawa. Amma gidan da ke da mai rai a ciki, ba rufi da bango kaɗai ake adanawa ba, har da dokarsa. Saboda haka in kun ji Hajiya ta ce su jira, kada ku tsaya duba girman motar da ta kawo su. Ku miƙa musu ruwa, su jira.