Mai Zarto da Ciwon da Aka Ɗauka Mura

Haihuwarsa

An haifi marigayi, wanda aka fi sani da Mai Zarto, a shekarar 1968, a gidan da ke bayan shagon mahaifinsa, kafinta. Mahaifiyarsa kuwa tela ce.

Sana'arsa

Da ya kammala firamare a 1980 aka tsayar da shi gaban injin yanka katako, a shago mai taga ɗaya, kuma nan ya ƙarar da ƙuruciyarsa. A ƙa'idar ma'aikatan wurin, duk wanda ya wuni yana shaƙar ƙura da warin gam sai ya sha madara da yamma, wai ta wanke ƙirji. Toshewar hanci da rashin ji kuwa ba a lissafa su cikin cuta, don a wurinsu kafintan da ke ji garau bai fara aiki ba.

Iyalinsa

Ya yi aure a 1993, Allah ya azurta shi da 'ya'ya huɗu. Burinsa ɗaya ne tak a duniya: kada babban ɗansa ya gaji shagon. Ko leƙowa ɗan ya yi, a bakin ƙofa yake tare shi ya ce, "Koma ga karatunka. Ƙurar da na sha ta ishe mu duka."

Jinyarsa

A 2016 kunnensa na hagu ya toshe, haɓo ya riƙa zuwa masa. Abokan aiki suka yi ta tsokanarsa, "Sai yanzu ka zama kafinta!" Shi ma ya yi dariya, ya ƙara yawan madara. Sai da ƙullutu ya fito masa a wuya, a 2018, matarsa ta tasa shi gaba zuwa asibiti, inda aka tabbatar da cewa ciwon daji ne a bayan hanci, kuma ya riga ya yi nisa. Likita bai ɓoye masa komai ba. Ya ce, "A wasu yankuna mace-macen wannan ciwo raguwa suke yi, don da wuri ake gane shi. Mu nan sai ya ci ƙarfin mutum muke ganinsa." Injin gashin ciwon daji ɗaya ne asibitin ke da shi, shi ma yau lafiya, gobe a lalace.

Jinya ta kwantar da shi, shago ya zauna a kulle, tukunya ta daina hawa wuta. Wata safiya a 2019 yana kwance, da kunnen da ya rage masa ya ji injin yanka katakon shagonsa ya tashi. Ya tambayi matarsa wa ya kunna. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Baban yara, sai haƙuri. Babban ɗanka ne, ya ajiye karatun." Ya juya fuskarsa bango, hawaye na zuba, kuma daga ranar bai ƙara yarda an kai shi asibiti ba.

Rasuwarsa

Allah ya yi masa rasuwa a farkon 2020, aka yi jana'izarsa a ranar, abokan aikinsa suka ɗauki makararsa. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya huɗu: mata biyu, da auta, da babban ɗansa, kafinta.