Yaya Bukar da Randar Inna

Duk wanda ya san Yaya Bukar a cikinku ya san ba ya ƙarasa sallama a tsaye. Zai fara ta daga bakin zaure, amma ƙarshenta a cikin randa za ka ji shi, don kafin ka amsa ya riga ya ɗage faifai ya zura kai, ga tocila a hannu da rana tsaka. In ka ce, "Malam Bukar, ba ko gaisuwa?" sai ya amsa daga can ciki, "Cuta ma ba ta gaisuwa." Ku yi dariyarku, ban hana ku ba, yau kwana arba'in da rufe shi kuma kukan ya ishe mu. Amma ni Zara ƙanwarsa ce, ciki ɗaya, na san abin da leƙen nan ya raba shi da shi. Da uwarmu ya raba shi.

Yaran da ke nan ba su san duba-gari ba. A zamanin En'e, shekarun nan kafin mulkin kai, su ne ma'aikatan tsafta masu bin gida-gida suna duba randa da masai da kwata. Da an hango kakinsu a bakin layi sai ka ji mata suna ta kifar da tukwane. To wannan aikin aka tura Yaya ya koyo, ya dawo mana Fagge da gajeren wando da keke da butar ƙarfe ɗaure a bayan keken.

Innarmu kuwa, Allah Ya jiƙanta, da randarta take taƙama. Mu Barebari ba ma wasa da ruwan sha. Sai ta wanke randar nan, ta kifa ta a kan turare, ta jefa saiwar jema, ta cika ta da ruwan rijiyar tsakar gida. Ruwan famfo da 'yan garuwa ke kawowa ba ta ko kallonsa, wai warin ƙarfe yake. Baƙo in ya sha ruwan Inna sai ya lumshe ido ya nemi ƙari.

Ranar da Yaya ya dawo gida ya cika da mata. Ɗan fari ne, Inna ba ta faɗin sunansa, ba ta kuma nuna ɗokinsa a gaban mutane. Abin da ta iya shi ne ta tashi da kanta ta ɗebo masa ruwa a moɗa. Ya durƙusa ya karɓa hannu biyu. Sai ya karkata moɗar wajen haske.

Ya ce, "Inna, an tafasa shi?"

Ta ce, "An me?"

"Tafasawa. Rijiyar nan katanga ce kawai tsakaninta da masan maƙwabta. Abin da ya shiga can, ta ƙarƙashin ƙasa yake tsiyayowa nan. Akwai ƙwayoyin cuta a ciki, ido ba ya ganinsu."

Inna ta dube shi tun daga hula har gwiwoyinsa da ke waje. Ta ce, "Nonon da ka sha, wa ya tafasa maka?"

Mata suka kwashe da dariya. Shi kuwa gogan bai yi ba, ya ajiye moɗar a gabanta a hankali. Inna ta ɗauka ta sheƙar da ruwan a ƙasa, ta rantse da wanda ranta ke hannunsa cewa ruwa ba zai ƙara wucewa tsakanin hannunta da nasa ba sai ranar da ya sha na randarta. Muka ce ai fushin uwa ne, kwana biyu ya huce. Mun manta barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Taurin kan nan a wurinta ya tsotse shi.

Daga ranar ta sa masa suna Mai Kaki. Hatsi in ya aiko ta karɓa, atamfa ta karɓa, ya zo gaisuwa kullum safiya ta amsa. Amma ko ruwan alwala ya miƙa mata sai ta kira ni in zubar in ɗebo wani.

Kun tuna neman aurensa? Baba Kyari, dillalin atamfa a Kantin Kwari, shi ne uban matarsa Yagana. Yaya ya je gaishe shi, aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, aka kawo ruwa da fura. Ya ture su gefe, ya kwanto butarsa daga keke ya kurɓa. Baba Kyari ya haɗiye wannan. Ya ce, "To Malam Bukar, in akwai abin da kake so ka sani game da gidanmu, tambayi."

Yaya ya ce, "Baba, ina masanku yake?"

Tsohon ya zaci matsuwa ce ta kama shi, ya sa aka raka shi. Shiru-shiru bai dawo ba. Da aka leƙa sai ga ango yana auna tazarar masai da rijiya da ƙafa. Ya dawo ya zauna ya ce, "Alhamdu lillahi, da nisa. Ina son ta."

Baba Kyari ya ce, "Ni dai na aurar da 'ya'ya da dama. An tambaye ni asali, an tambaye ni addini. Yau ne aka fara ba ni shaidar kirki ta bayan gida." Ya kuwa ba shi ita, wai yana so ya ga ƙarshen abin.

Sai maganar kwalba. Mutanen majalisar ƙofar gidanmu sun ƙi yarda cewa 'yan abubuwan nan masu wutsil-wutsil a cikin ruwa 'ya'yan sauro ne. Suka ce sauro da fiffike, wannan kuwa tsutsa ce, ina haɗin kifi da kaska? Yaya bai yi musu ba. Ya ɗebo su daga kududdufin bayan layi ya zuba a farar kwalba, ya ɗaure bakin da ƙyalle, ya ajiye a kan dakali inda kowa zai gani. Ya ce kada wanda ya taɓa. Ba a yi mako ba sai ga sauro a cikin kwalba suna ta shawagi. Ya ɗaga ta sama, bakinsa har kunne, yana jira a ce ya yi gaskiya.

Wani dattijo ya matsa baya da tabarmarsa ya ce, "La'ilaha illallahu. Ashe Bukar ne ke ƙera mana su."

Wallahi kafin la'asar zance ya kai tashar jirgi. Daminar nan duk wanda zazzaɓi ya kayar a Fagge, sai a ce na kwalbar Bukar ne. Yara suna bin kekensa suna kiran Mai Sauro. Ya dawo gida ya zauna ya yi tagumi, ya ce da ni, "Zara, na nuna musu da idonsu fa." Na ce, "Ai shi ne laifinka."

Duk faɗin Kano gida ɗaya ne Yaya ke shan ruwa ba fargaba, gidan abokinsa Malam Yohanna a Sabon Gari. Mutumin ƙasar Zazzau ne, Kirista, akawu a tashar jirgin ƙasa. Matarsa takan tafasa ruwa ta tace da farin ƙyalle ta rufe. In Yaya ya tashi aiki can yake zuwa ya sha ya ƙoshi, har ya yi gyatsa. Kun san Fagge, magana ba ta kwana. Wata mai kai-kawo ta zo har ɗaki ta fesa wa Inna.

Da ya zo gaisuwa da safe Inna ta ce, "Mai Kaki, an ce maƙogwaronka ya buɗe a Sabon Gari."

Ya ce, "Inna, nasu dafaffe ne."

Ta ce, "Madalla. Sai ka tambaye su ko suna da dafaffiyar uwa su ba ka."

Na yi dariya a lokacin, har da riƙe ciki. Da ya fita na ga Inna ta juya tana share ido da bakin mayafi, tana cewa hayaƙi ne. Ba a ko hura wuta ba.

Abin da ke ƙona min rai har gobe shi ne, mutumin nan yana da gaskiya. 'Ya'yansa ga su nan zaune, ba wanda kurkunu ya taɓa fasa wa ƙafa, ba wanda gudawa ta ɗauka. Ni kuwa ɗana na fari gudawa ce ta tsiyaye shi a hannuna, yana tsakiyar koyon tafiya. Yaya ya zo ta'aziyya. Na zaci zai zauna ya yi shiru kamar kowa. Ina! Ya wuce wajen randata ya ɗage faifai, sannan ya juyo ya ce, "Zara, ai na gaya miki." Na jefe shi da muciya, ban kuwa yi nadama ba. Washegari na fara tafasa ruwa, sauran 'ya'yana duk suka rayu. Gaskiya ce da shi, amma gaskiyar tasa ba ta san ranar da ake yin shiru ba.

Haka aka yi ta tafiya shekara da shekaru. Manya sun sa baki, liman ya sa baki. Aka ce da Inna ta yi kaffarar rantsuwa, ta ce ba ta ga dalili ba. Aka ce da shi ya kurɓa ko sau ɗaya ne, ya ce in ya sha yau da wane baki zai hana wani gobe?

Sai Inna ta kwanta, cikin bazara, ana zafin nan mai sa bango ya yi turiri. Jiki ya ƙi, abinci ya ƙi shiga. Wata rana bayan azahar ta ce, "Zara, kira min Mai Kaki." Ya zo a guje ko hula babu. Ta sa na ɗebo ruwa a randarta, ta karɓi moɗar da kanta, ruwan yana zuba a kan zane. Ta miƙa masa.

Ta ce, "Kurɓi ka ba ni saura, mu rabu lafiya."

Ya karɓa. Ya kai moɗar har kusa da baki, wallahi har leɓensa ya kusa taɓawa, sai ya tsaya.

Ya ce, "Inna, bari in ɗora shi a wuta. Yanzun nan. Ke ma jikinki ba ƙarfi, bai kamata ki sha shi haka ba."

Na ce, "Yaya, don girman Allah sha."

Ya ce, "Yanzun nan, Zara."

Inna ta ce, "To." Ta juya fuskarta bango.

Ina jin sa a tsakar gida yana karya kara, yana hura wuta da baki, ƙaton mutum da gemunsa a gaban murhu. Ina jin sa yana juya ruwan daga kwano zuwa kwano don ya yi saurin hucewa. Da ya ɗaga labule ya shigo, ya riƙo moɗar hannu biyu, na riga na shafe mata ido.

Bai yi kuka ba. Aka yi mata sutura, aka kai ta kafin magariba. Da suka dawo daga maƙabarta, gida cike da mutane, ya wuce kowa ya nufi randar. Ya cika moɗa ya shanye. Ya ƙara. Ya yi ta sha har ruwa yana bin gemunsa yana jiƙa riga, sai da Malam Yohanna ya riƙe masa hannu.

Bayan sadakar bakwai ya zo ɗakina ya zauna a bakin ƙofa. Can ya ce, "Zara, ko murɗawa cikina bai yi ba."



Ya ce, "Kullum ina jira. Da ma zazzaɓi ya kayar da ni, da na samu abin da zan gaya wa kaina." Sannan ya tambaye ni, "Da na fita, ta ce wani abu?"

Na ce, "Ba ta ce ba."

A nan ya yi kukan, irin na yaro, da majina da komai. Ban rarrashe shi ba, don ni ma a cike nake da shi. Tambayar nan kuwa bai daina yi mini ita ba har tsufa, ko na tuno wata kalma da na manta. Sati biyu kafin ya cika ma sai da ya sake yi. Na so in ƙaga masa wani abu, amma Yaya Bukar ba mutumin da ake yi wa ƙarya ba ne, da ya gane.

To ga shi ya tafi inda take. Ya Allah, Kai Ka san bawan nan naKa bai ƙi uwarsa ba, tsoron cuta ne ya fi ƙarfinsa, kuma rayuka da yawa a unguwar nan sun tsira ta dalilinsa ba su ko gode masa ba. Ka yafe masa. Ka sanyaya zuciyar Inna ta yafe masa, Ka haɗa su a inuwar rahamarKa. Ni ma na yafe, Yaya. Ku shafa fatiha.