Allon da Ya Hana Taba

Mun tashi daga Kaduna da asuba, zakaru ma ba su gama shawarar wanda zai fara cara ba. Ni da wani abokin aikina muka hau motar katako muka nufi gida. Saƙo ne ya iso mini cewa yayana, wanda ya goya ni ya kuma sa ni makaranta, yana kwance a wani ɗan asibitin mishan bayan Kagoro. Tari ya ci ƙirjinsa, ya daina cin abinci, yana cewa a mai da shi gida ya mutu a ɗakinsa.

A Mararaban Rido muka tsaya shan shayi. Teburin mai shayin rabi burodi ne, rabi sigari, ana sayar da ita kara-kara, ta fi dafaffen ƙwai araha. Muna komawa mota kowa ya kunna tasa. Hayaƙin da ya turnuƙe bayan motar nan, da kifi muka ɗauko da mun isa Kachia da banda. Abokina, wanda ba ya rabuwa da jarida, ya ce a ƙasar Turawa gwamnati ta fara tilasta wa kamfanoni rubuta gargaɗi a jikin kwali. Wani tsoho ya busa masa hayaƙi a fuska ya ce, "To, mu nan talla muke ji a rediyo."

Hanyar kuwa damina ta yi mata kaca-kaca. Akwai ramin da muka faɗa, sai da na gaisa da kakannina kafin mu fito. Amma da muka wuce Kachia, gonakin citta da na acca suka fara bayyana, na ji yarenmu a bakin mata masu tallar gyaɗa, sai tunanin gida ya kama ni. Yayana nake gani zaune a kan kunya da yamma, lofe a baki, yana tambayata abin da aka koya mana a aji. A lokacin ni ƙanshin gida nake ji a hayaƙin nan.

A Kafanchan muka ci doya a tsaitsaye kusa da tashar jirgi, muka sami ƙaramar bas zuwa Kagoro. Duwatsun na nan yadda na bar su, gajimare ya yi musu rawani.

A saman ƙofar ɗakin maza akwai allo da jan fenti: AN HANA TABA. A ƙarƙashinsa, kan tabarma, na tarar da matar yayana.

"Matata," na ce, "kin rabu da tsohon ne kina jira na?"

"Mijina, bar wasa. Shiga ka gan shi."

Mutumin da ke ɗaga buhun dawa da hannu ɗaya ya koma kamar karan dawar. Ya jawo ni kusa. "Ka zo mini da taba?"

"Yaya, ita fa ta kwantar da kai."

Ya juya wa bango fuska. "Lofe an ƙwace. Matar nan tawa kuma, tun da aka kawo ni ko hannuna ba ta riƙe ba. Ta ajiye kwano a bakin gado ta koma ƙofa. Ƙyamata take ji. In ci in yi me?"

Na fita na same ta. Ta nuna allon da yatsa, idonta cike da ƙwalla. "Na iya karatu fa, an koya mana a zumuntar mata ta coci. Likita ya rubuta an hana taba. In na taba shi ciwo zai ƙaru."

Mu mutanen nan Hausa aro muka yi. Taba ta sha da taɓa ta hannu, a bakinmu duk ɗaya suke fita. Dariya ta taso mini, na danne ta.

"Uwargida, ta lofe ake nufi!"

"Kai da ba ka taba faɗin gaskiya ba?"

Sai da na kira sista mai kula da ɗakin ta maimaita mata da yare. Matar yayana ta shiga ɗakin. Ta wanke hannu, ta zauna a gefen gado, ta tallafo kansa, ta shiga shafa masa baya. Sannan ta ɗauko gwaten accan da ya huce. Ya shanye kwanon tas, har ya yi ƙorafin gishiri bai ji ba.

Washegari muka biyo jirgi zuwa Kaduna. Likita bai ɓoye mini ba, huhun ya yi nisa da lalacewa. Abin da na taho da shi shi ne, allon nan an kafa shi a makare. A tasha ya kamata ya tsaya, da teburin mai shayi, da jikin kwali, tun ƙirji na da lafiya, kuma aikin gwamnati ne. In za su rubuta, don Allah su zana lofe a gefe saboda irinmu.

Har yau ba a aiko mini da labari ba. Duk motar Kafanchan da ta shigo tasha da yamma, ina tsaye ina duba fuskokin masu sauka.