Atika da Gonakin 'Yan Kuza

Atika mutuniyar Horo Birni ce, a ƙasar Shagari. Tana da ƙuruciya kuturta ta kama ta, dangi suka kai ta asibitin mishan da ke kusa da Sakkwato. Ta daɗe can. Da ciwon ya kwanta aka sallame ta, ta dawo gida da gajerun yatsu da sabon addini, don a can ta zama Kirista.

Gari bai kore ta ba, bai kuma rungume ta ba. Aka nuna mata wani fili a bayan gari, inda wasu da suka warke kamarta suka kafa bukkoki. Ba su fi gida shida ba. Ran Lahadi sukan taru a rumfar zana su yi sujada. Mode, wanda ya koyi karatun boko a asibiti, shi ke karanta musu Littafi, Atika kuma ta ba da waƙa, don Allah ya ba ta murya. Baikonsu, wato sadakar da suke kawowa wurin sujada, ba ya wuce zangarniyar gero ko ƙwai, kowa da abin da ya samu.

Ana cikin yaƙin duniya na biyu sai ɗiban gwamna ya iso ƙasar. Turawa na son kuza, aka riƙa kwashe maza ana kai su haƙa a Jos. Mai hali yakan san yadda zai yi ya kuɓutar da ɗansa, talaka kuwa sai ya tafi. Mutanen bayan gari ba wanda ya waiwaye su, don an ce hannuwansu ba su riƙe diga.

Damina ta sauka, gero ya tsiro, ciyawa ta tsiro tare da shi. Wata safiyar Lahadi Atika ta bi ta gefen gonar Sodangi, ɗaya daga cikin waɗanda aka ɗiba. Ta tarar da matarsa Hajjo tsugune da tsohon ciki, tana cirar ciyawa da hannu. Matar da ba ta taɓa noma ba. Atika ta gaishe ta, ta wuce, amma abin ya tsaya mata a rai.

A rumfa, Mode ya yi addu'a mai tsawo, ya roƙi Allah ya ciyar da iyalan da aka raba da mazansu. Kowa ya ce amin. Da aka juyo ga Atika don ta ɗauki waƙa, sai ta ƙi ɗauka.

"Atika, ke muke jira," in ji Mode.

Ta ce, "Malam, mun roƙi Allah shi ciyar da su. To da hannun wa za shi ciyar da su? Maza sun tafi, mu munka rage."

Wani tsoho ya ɗaga dungulmin hannunsa. "Da wannan? Kuma mutanen da ko ƙwaryarmu ba su taɓawa?"

"Baba, ba ƙwarya za mu kai musu ba, fartanya ce. Zaluncin da anka yi musu ba mu da ƙarfin hana shi. Ciyawa kam muna iya ta."

Aka jima ana ja-in-ja, sannan ta ɗauki waƙar.

Washegari suka fita. Atika ta yanka tsohuwar fatar akuya ta yi maɗaurai, duk wanda yatsunsa ba su kama ƙota sai ta ɗaure masa fartanya a wuyan hannu. Suka shiga gonar Sodangi. Hajjo ta zo ta tsaya a bakin gona, ta ce:

"Inna Atika, ba ni da abin biyanku."

"Wa ya ce miki ƙwadago munka zo? Koma inuwa ki zauna."

Daga nan suka wuce gona ta gaba. Fata na cin hannu, wasu har jini, su naɗe da tsumma su ci gaba. Malam Ladan, limamin garin, ya ga abin da idonsa, ya yi magana a kai bayan sallar Juma'a. Mako bai zagayo ba sai ga dattawan gari da nasu fartanyoyin, ana noma kunya ɗaya da mutanen bayan gari.

Ba duka gonakin aka ceto ba, wasu ciyawa ta riga ta cinye. Ba duka mazan suka dawo ba kuma. Sodangi ya dawo da tari, ya tarar da ɗa namiji da gero a rumbu.

Da kaka matan suka yi ta kai damman gero bayan gari. Atika ta ƙi a raba. Ta sa aka gina rumbu kusa da rumfar sujada, aka ajiye shi na iri. Wanda duk ya rasa abin shuka, Musulmi ne ko Kirista, ya zo ya ɗiba, in ya girbe ya mayar. Daga baya suka ƙara da irin albasa, har wasu gidajen da ke bara a da suka fara kai kaya kasuwar Bodinga a kan jakunansu.

Atika ta tsufa a nan bayan gari. Muryarta ta dushe, ta bar wa 'yar Mode bayar da waƙa, ita kuma ta koma zama a ƙofar rumfa tana gyaran iri.