Ajiyar Baƙon Baba

Shekarun baya, damina ta biyu bayan ruwan madatsar Tiga ya cinye garinmu, na hango wani mutum tsaye a bakin ruwa cikin fararen kaya tun daga hula har takalmi. Ban taɓa ganin fari irin wannan ba. Takarda ce a hannunsa. Ya dube ta, ya dubi kawunan kukokin da suka rage a tsakiyar ruwa, ya sake dubanta. Ni kuwa ina kan keke, na taso daga firamaren da nake koyarwa a wajen Bebeji.

Ku da kuka saba karanta ni kun san halina, to a lokacin na fi haka. Duk shigata Kano sai na dawo da 'yan littattafan soyayya a aljihu. Kafin in sauka daga keken nan na gama tsara labari: masoyiyarsa ya zo nema, ruwa ya raba su. Har launin mayafinta na zaɓa.

Muka gaisa. Hafsan sojan ruwa ne, Hausarsa irin ta bariki. Ya ambaci sunan garinmu, ya ce ina hanya.

Na nuna masa ruwa. "Ka ga waccan kukar mai reshe biyu? Ƙofar masallacinmu ke nan."

Ya ninke takardar hannunsa. Da ya faɗi wanda ya zo dominsa, ashe ba budurwa ba ce. Baƙon Baba ne.

A garinmu baƙo ba ya zama haka kawai. Mai unguwa zai haɗa shi da mai masauki, daga ranar kuma komai nasa yana wuyan mai masaukin. In ya yi laifi shi za a kira, in ya kwanta ciwo shi zai yi jinya, in ya rasu shi zai riƙe abin da ya bari har danginsa su zo. Haka aka kawo wa mahaifina wani dogon mutum daga can ƙetaren tafkin Chadi, Hausarsa a karye. Ci-rani ya zo, ya zarce shekaru yana sana'ar fito da kwalekwale a Kogin Kano. Da yaƙin basasa ya tashi ya ce shi ya san ruwa, ya tafi. Bayan yaƙi takarda ta zo cewa ya rasu, Baba ya yi masa sadaka. Iyakar abin da muka sani ke nan.

Na kai hafsan sabon gidanmu. Baba ya dubi farin wandon nan, ya janye buzunsa ya ba shi, shi ya koma kan tabarma. Bayan an sha ruwa, hafsan ya soma.

A jirgin ruwa ɗaya suke, shi da baƙon Baba. An harbe su a wani rafi can kudu, wuta ta kama ɗakin inji. Ruwan wurin da zurfi, yawancin sojojin da suka ɗauko kuma ba su iya iyo ba. In injin ya mutu a nan, shi ke nan. Dole wani ya tsaya a ƙasa yana riƙe shi da rai har jirgin ya hau yashi. Baƙon Baba ya dinga tura mutane kan tsani ɗaya bayan ɗaya yana cewa, "Ku hau, ina zuwa."

Hafsan ya naɗe hannun rigarsa, muka ga tabon ƙuna har gwiwar hannu. "Ni ya tura ƙarshe, Baba. Muna jin injin yana bugawa a ƙarƙashin ƙafafunmu har muka taɓa ƙasa. Kowa ya fita. Shi kaɗai ya rage."

Na tuna shi. Mutumin da nake yi wa dariya don ba ya iya faɗin sunana daidai. Ƙasar da ya mutu dominta ma ba tasa ba ce.

Hafsan ya fito da wani ɗan akwati. Lambar yabo ce aka ba baƙon Baba bayan rasuwarsa. Na zaci zan ga zinariya tana walƙiya kamar a littafi, sai ga ɗan ƙarfe da bai cika tafin hannu ba. Ya ce ta daɗe a cikin durowa, domin ƙa'ida ɗan uwa na jini ake miƙa wa. Hutunsa ya ɗauka ya zo nema. In bai samu kowa ba, da ita zai koma Legas a jirgin ƙasan gobe.

Nan na ga labarina zai lalace. Na matsa kusa da kunnen Baba. "Baba, ka ce ɗanka ne mana. Wa zai tona?"

Baba ya ɗaga murya yadda har na cikin gida za su ji. "Yallaɓai, ka ji malamin makaranta. Shi muke kai wa 'ya'yanmu ya koya musu!" Na rasa inda zan sa fuskata. Sai ya gyara zama. "Ba ɗana ba ne, baƙona ne. Yana da uwa da uba a ƙasarsu. Ban san su ba, amma ba zan ƙwace musu ɗa ba. Mutum ya yi irin wannan mutuwa, a karɓi lambarsa da ƙarya?"

Ya ce in shiga ɗakinsa in ɗauko kayan. Adaka ce ta kwano da filafilin tuƙa kwalekwale. Ranar da aka kwashe mu daga tsohon gari motar ta cika, Baba ya sauke gadonsa da turmin mahaifiyata ya sa waɗannan. Shekara guda tana yi masa mita.

Hafsan ya taɓa igiyar da aka ɗaure adakar. Ya gane ƙullin, irin wanda baƙon ya koya musu ne a jirgi. "Baba, ba ka taɓa buɗewa ba?"

"Kayana ne da zan buɗe?"

Hafsan ya miƙe, ya sa hularsa, ya ƙame ya sara wa tsohon nan da ke zaune kan tabarma. Idonsa ya yi ja. "Takardata ta ce a ba ɗan uwa. Ba ta ce kada a ba da ajiya ba." Ya rubuta takardar ajiya, Baba ya dangwala yatsa, ya cusa ɗan akwatin ƙarƙashin igiyar ba tare da ya kwance ta ba.

Na karanta littattafai ba adadi inda ake mutuwa don ƙauna, kuma har gobe ina son su. Amma ban taɓa cin karo da shafin da ya kai zauren nan ba. Ɗaya ya tsaya cikin wuta don mutanen da ba danginsa ba, ɗaya ya ƙi furta kalma guda ta ƙarya. Ni da na je boko ni ne ƙarami a wurin.

Baba ya ƙara shekaru masu yawa. Duk masuncin da ya zo Tiga daga wajen Chadi sai ya sa an kira masa shi, ya faɗi sunan, ya kwatanta tsayinsa. Ko da idonsa ya mutu bai daina ba. Ba a dace ba. A ciwonsa na ƙarshe ya kama hannuna ya ɗora kan igiyar, ya ce, "Malamin makaranta, in an zo rabo, wannan ba gado ba ne." Adakar tana ɗakina yanzu. Ƙullin yana nan yadda mai ita ya ɗaure shi.