Lemun da Aka Shayar Kamar Shinkafa

Shekarar da na gama ginin gidana a Gwadangaji, gefen Birnin Kebbi, ita ce shekarar da zuciyar Baba ta fara ba shi wahala. Na ɗauko shi daga garinmu Gulma a kan zai huta wata biyu ko uku, ya koma kafin ruwa ya sauka. Ƙarya na yi masa. Likita ya ja ni gefe ya gaya mini tsohon nan ya gama shiga fadama, idan ya sake wuni cikin laka yana noma, to a kwance za a ɗauko shi. Ni kuwa na san mahaifina. Mutumin da ya shekara fiye da hamsin yana noman shinkafa, ranar da ya ji wannan magana zai naɗe tabarmarsa ya tari mota, ya ce gara ajali ya same shi a gonarsa. Sai na haɗiye maganar, na shiga neman abin da zai riƙe shi a Birnin Kebbi.

Zaman birni bai karɓe shi ba. Daga masallaci sai ƙofar gida, ya zauna yana kallon masu babur suna wucewa, duk wanda ya tsaya gaishe shi sai ya tambaye shi ko ya ji labarin gulbi bana. Tsakar gidana kuwa ta sha zagi. Ya ce bai taɓa ganin mutum mai hankali ya sayi rairayi ya kewaye shi da katanga ba. Na ji haushi, don har ga Allah ina taƙama da gidan, amma daga wannan zagin dabara ta zo mini.

Na je wurin wani mai sayar da dashen itatuwa a bakin hanya na sayo lemu uku masu aure, wato waɗanda aka haɗa da reshen iri mai kyau. Na ajiye su gaban Baba, na ce ni ɗan boko ne, ban san kan ƙasa ba, ya taimaka ya raya mini su. Na ga yadda ya murza ganyen da yatsunsa. Washegari tun da hantsi ya sa aka kawo masa laka daga fadama cikin amalanke, wai ba zai sa abu mai rai cikin wannan rairayin ba. Aka haƙa ramuka, aka cika su da laka, aka dasa. Ya ɗauki ƙaramar fartanya ya ja wa kowanne tudun ƙasa ya kewaye shi, daidai yadda ake tare ruwa a gonar shinkafa. Safe da yamma ya jawo tiyo ya cika, sai ruwa ya kwanta har kana ganin fuskarka a ciki sannan hankalinsa ya kwanta.

Makonnin nan Baba ya dawo mutum. Ya daina zancen mota, cin abincinsa ya ƙaru, har ya fara faɗa da kajin matata. Ni kuma na riƙa yaba wa kaina wayo.

Sai ganye ya fara rawaya. A wurin manomin shinkafa, shukar da ta yi rawaya ƙishi take ji, don haka Baba ya ƙara ruwa, ya mai da shi sau uku. Ganyen ya soma zuba. Ba laifinsa ba ne. A inda ya tashi ba ruwan mai shinkafa da dashen itace, tarar da shi yake yi a tudu Allah ya raya abinsa, duk abin da Baba ya taɓa shukawa da hannunsa kuwa cikin ruwa yake tsayawa.

Na tsinki ganye biyu na kai wa mai dashen. Tambaya ɗaya ya yi mini, sau nawa ake ba su ruwa. Da na gaya masa, har da lakar da tudun, ya yi dariya har ya dafa gwiwa. Ya ce saiwar lemu numfashi take yi, idan ruwa ya kwanta mata ruɓewa za ta yi. A ba shi ya ƙoshi, a bar shi kwana biyu ko uku, kafin a ƙara a tura yatsa cikin ƙasa, in da danshi a ƙyale shi. Ya ce in je yau ɗin nan in fasa wa ruwan hanya.

Na dawo gida da niyyar gaya masa, na tarar da Baba tsugune yana lallashin lemun da ya fi jin jiki, sai na fasa. Ba kunya kaɗai ba ce, tsoro ne. Na ba shi aikin nan don ya ji yana da amfani, yanzu kuma in ce masa shi ke kashe su? Na tabbata a ranar zai ce tunda ko ban ruwa bai iya ba a birni, a mai da shi inda ya iya wani abu.

Sai na zaɓi hanyar ɓarayi. Da ya fita sallar La'asar, in lallaɓa in fasa tudun ta gefen katanga, ruwa ya tsiyaye. Ya dawo ya toshe, ya sake cikawa, ya zagi kaji. Matata ta ce mini abin da nake yi bai dace ba, in zaunar da shi in gaya masa, na ce ta bar ni da ubana, na fi ta saninsa. Haka muka yi kusan mako uku, ina fasawa yana toshewa. Dashen farko ya bushe, na biyu ya bi shi.

Wata Asabar da safe ya kira ni tsakar gida. Ya tuge wanda ya fara mutuwa yana riƙe da shi. Saiwar ta yi baƙi, ta yi laushi, tana wari kamar kwata. Ya miƙo mini in sansana, sannan ya dube ni.

"Kaji ba su sa takalmi," ya ce. "Tun ranar hwarko nig ga sawunka. Tun yaushe kas san ruwa na ka kashe su?"

Na sunkuyar da kai na gaya masa.

"Ni ban san lemu ba, shinkahwa nis sani. Icce ya mutu, a dasa wani. Amma ɗan da nih haihwa shi riƙa bin bayana shina gyara ɓarnata a ɓoye, kamar wanda hankali nai yag gushe, wanga shi na ka yi min ciwo."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Duk tsawon lokacin nan ina ganin tausayinsa nake ji, ashe na riga na cire shi daga cikin mutanen da ake gaya wa gaskiya. Na ce ya gafarce ni. Ya ajiye mataccen dashen a ƙasa, ya zauna bisa kujerarsa, ya nuna mini tabarma.

"To, tunda mun hwara, hwaɗa min abin da likita yac ce."

Na gaya masa duka, ban rage ko kalma ɗaya ba. Ina magana ina kallon ƙafafunsa, ina jiran ya miƙe ya shiga ɗaki haɗa kaya. Bai miƙe ba. Ya daɗe yana kallon lemun da ya rage, mai ganye bai fi goma ba, tsaye cikin ruwan safe. Can ya tambaye ni shekara nawa irin wannan yake yi kafin ya yi 'ya'ya. Na ce mai dashen ya ce uku, in ya samu kulawa. Ya jinjina kai, ya ce in aika wa ƙanensa a Gulma ya shiga fadamar bana, kada a bar ta haka nan. Ya ce kuma gobe in kai shi wurin mutumin nan, yana so ya ji bayanin da kunnensa.

Abin da na yi watanni ina nema ke nan, na kuwa samu, amma ban ji daɗin da na zaci zan ji ba. Baba ya tashi a hankali, ya ɗauki fartanya, ya fasa tudun da hannunsa. Muka tsaya ni da shi muna kallon ruwan yana fita, har rairayi ya shanye shi.