Jakar Eustace ta tafi hutu

A tsibirinmu na Bequia, baƙon da ya zo hutu yana son hayar jirgin ruwa mai tafiya da iska, zaɓi biyu Madam Odette mai jiragen hayar take ba shi: ko ya tuƙa da kansa, ko a haɗa shi da matuƙi. Amma ba bakinsa ne zai yanke ba. Sai tsoho Eustace, matuƙinta, ya fita da shi cikin ruwa ya ga hannunsa tukuna.

Da can Eustace mutum ne mai adalci. Tun da matarsa Verna ta tafi Toronto renon jikoki ta ƙi dawowa, sai baƙi suka daina iya tuƙi. Wannan bai iya ɗaurin igiya ba, wancan ya cika rawar jiki. Duk wanda ya faɗi kuwa, Eustace ne matuƙinsa na mako guda. Mu duka mun san dalili. A jirgi ana cin abinci da shi a tebur, ana tambayarsa sunayen tsibirai. A gida daga shi sai rediyo. Ni dai tausayi yake ba ni, duk da nakan yi masa dariya.

Da ƙorafi ya yi yawa, Odette ta tare shi.

"Kawu, duk Turawan duniya babu mai iya riƙe igiya sai kai?"

"'Yar nan, teku ba wasa ba ce."

"Ni ma ba wasa nake ba. Ka ƙara kayar da wanda ya iya, ka koma gida gaba ɗaya."

Ranar Asabar wasu tsofaffi, mata da miji, suka zo daga Martinique. Tun da safe Eustace ya cusa jakarsa a ƙarƙashin bencin jirgin, kamar yadda ya saba. Matar ce ta kama tuƙi. Ta juya jirgin yadda take so, mijin yana jan igiya yana tsokanarta, suna dariya irin ta waɗanda suka tsufa tare. Eustace ya nemi kuskure har ya gaji.

Da suka dawo Odette tana tsaye a kan gadar katako.

"To, Kawu?"

"Sun iya," ya ce.

Shi da kansa ya kwance musu igiya ya jefa. Matar ta ɗaga masa hannu. Bai bar wurin ba sai da jirgin ya sha kwanar dutse.

"Ina jakarka?" in ji Odette.

Ya dubi hannuwansa. Rigarsa mai kyau, wadda yake sawa idan za a zauna cin abinci, tana cikin jakar.

"A kira su a rediyo su juyo?" ta ce.

"Bar ta," ya ce. "Ko ita ta je."

Ya kama hanyar gida hannu rabbana, ya tsaya ya sayi soyayyen kifi guda ɗaya.